Kusheyin Mutanen Dauri: Kada Mu Bari Tifa da Diga Su Cinye Su

A arewa da ƙauyen da aka haife ni, cikin ƙasar Bunguɗu, akwai wani faƙo a gindin dutse inda muke kai awaki kiwo muna yara, kuma a kan faƙon nan akwai tulin duwatsu har goma sha ɗaya, waɗanda duk mai ido zai gane cewa hannun mutum ne ya tara su, domin an kewaye kowanne da manyan duwatsu daga ƙasa, sannan aka cika tsakiyarsa da ƙanana har ya yi tozo. Wata rana na ciro dutse ɗaya daga jikin wani tuli zan jefi akuya, sai kakana ya hango ni daga gona, ya daka mini tsawa, ya ce: "Kai ɗan nan, maida shi inda ka ɗauko shi. Kusheyin mutanen dauri na, ba a ɗaukar ko tsakuwa." Na ce, "Kaka, su wane ne?" Ya ce shi ma haka ya taras da su, kuma kakansa haka ya taras da su. Da na koma wurin a bazarar da ta wuce, uku na samu a tsaye. An kwashe shida da tifa an kai inda ake zuba harsashin gini, biyu kuma an farke cikinsu da diga, an bar rami a buɗe, ga tsingaro warwatse a bakinsa.

Abin da nake son faɗa a wannan rubutu shi ne, irin waɗannan tulin duwatsu da tudun kaburbura na mutanen da suka rayu kafin a fara rubuta tarihin ƙasarmu amana ce a hannun jama'ar wuri, kuma barin su yadda suke, ba tare da an tone su ko an kwashe su ba, aiki ne da ya hau kan maigari da hakimi da malamin unguwa kafin ya hau kan wata hukuma da ke Abuja. Na san akwai masu ganin maganar ba ta da muhimmanci a irin halin da Zamfara take ciki, akwai kuma masu ganin tana da warin shirka, kuma zan zo kan duka biyun, domin ban raina hujjar kowanne ba.

Sai dai ya kamata a fara fahimtar abin da kabari irin wannan yake ɗauke da shi, domin yawancin masu tono suna zaton darajarsa tana cikin abin da za a ciro a sayar. Masu ilimin binciken kufai kuwa sun san cewa darajar tana cikin yadda abubuwa suke kwance da juna. Inda kan mamaci ya fuskanta, ko an kwantar da shi a miƙe ko an naɗe shi, ko tukunyar tana wajen kansa ko wajen ƙafarsa, wace ƙasa ce a sama wace ce a ƙasa, duk waɗannan bayanai ne da ake karantawa kamar yadda ake karanta allo. Ɗan guntun gawayi da aka samu kusa da ƙashi yana iya faɗin shekarun kabarin, saboda akwai wani nau'in sinadarin kabon da ke jikin duk wani abu mai rai, wanda yake fara raguwa da zarar ya mutu, rabinsa yana ƙarewa a cikin kimanin shekara 5,730, don haka idan aka auna abin da ya saura sai a san tsawon lokacin da ya shuɗe. Haƙori yana nuna irin abincin da mutum ya ci, har ma yana iya nuna ko a nan ya tashi ko baƙo ne da ya zo daga wata ƙasa, domin ruwan da yaro ya sha yana barin alama a haƙorinsa. Ƙwayar gero ɗaya da ta ƙone ta maƙale a gindin tukunya tana iya gaya mana tun yaushe ake noman gero a wannan yanki. Idan mai diga ya shiga, cikin sa'a guda zai cakuɗa duk wannan, kuma babu wani masani a duniya da zai iya maida shi yadda yake. Shi kansa masanin sau ɗaya kawai yake iya tona kabari, shi ya sa yake yin makonni yana aiki da ɗan cokali da burushi, yana aunawa yana zanawa yana ɗaukar hoto kafin ya motsa komai.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga abin da tudun kabari zai iya bayyanawa idan aka bi shi a hankali. A Durɓi Takusheyi da ke ƙasar Mani ta Jihar Katsina, wurin da sunansa ma ya fito daga kalmar kusheyi, akwai manyan tudun kaburbura da ake dangantawa da sarakunan Katsina na farko. Baturen mulkin mallaka Palmer ya tona wasu a 1907, sannan a 1992 aka sake yin wani tono, aka ɗauki abin da aka samu har da ƙasar da ke manne da shi aka kai birnin Mainz na Jamus, inda aka yi shekaru ana tsefe shi a ɗakin bincike kafin a dawo da kayan gida. An samu kwanon tagulla da aka ƙera a ƙasashen Gabas, da kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun wuya, kuma gwaji ya nuna kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne zuwa na 16. Wannan ya tabbatar da hujja ta zahiri cewa ƙasar Hausa tana cikin cinikin da ya haɗa Misira da Afirka ta Arewa da bakin daji tun wancan zamani. Da ɓarayi ne suka riga isa wurin, da kwanon nan yana kan kantar wani attajiri a Turai, ba wanda ya san daga inda ya fito, da mu kuma mun rasa babi guda na tarihinmu ba tare da mun san mun rasa shi ba.

A maƙwabciyarmu Kebbi ma an ga irin haka. Lokacin da ake gina madatsar ruwan Kainji, wadda aka kammala a 1968, an tura masu bincike su ceto abin da za su iya kafin ruwa ya shanye ƙasar, kuma a wani tudu kusa da Yelwa ta Yawuri suka samu ƙananan mutum-mutumi na yumɓu da kayan ƙarfe waɗanda suka koma ƙarnukan farko na Miladiyya. Ke nan mutane suna zaune a bakin kogin Kwara suna aiki da ƙarfe suna gina yumɓu fiye da shekara dubu kafin a haifi Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi. Abin da aka ceto ɗan kaɗan ne, sauran yana ƙarƙashin tafki. A ƙasar Zuru kuwa al'adar ba ta ma yi nisan da za a manta da ita ba, domin Dakarkari sun shahara da kewaye kabarin babban mutum da duwatsu, a ɗora masa tukwane masu siffofi waɗanda mata suke ginawa, don a san cewa wanda ke kwance a nan shahararren manomi ne ko maharbi ko ɗan kokawa. Tukwanen nan da yawa yau suna gidajen tarihi da shagunan dillalai a ƙasashen waje, kuma da wuya a ce dukkansu da yardar masu kabari suka tafi.

Mu a Zamfara, tarihinmu na baka ya fara ne da kaburbura. Ana cewa mutanen farko maharba ne ƙarfafa, waɗanda suka fara zama a Dutsi ta ƙasar Zurmi kafin a koma Birnin Zamfara, kuma girman tudun da ake nunawa a matsayin makwancin sarakunan farko shi ya ƙarfafa zancen cewa samudawa ne. Ni ban yarda cewa tsawon tudu shi ne tsawon wanda aka binne ba, domin a ko'ina cikin duniya girman tuli yana nuna girman matsayi ne da yawan hannun da ya taru ya yi aikin. Amma labarin samudawa ya yi mana wani amfani da ba mu lura da shi ba, wato ya sa mutane shakkar taɓa wuraren har tsawon ƙarnuka. Tsawar da kakana ya yi mini ita ce dokar kare kayan tarihi da ta fi kowace aiki a ƙauyenmu, kuma ba ta taɓa cin gwamnati ko kwabo ba. Yanzu wannan shakka ta tafi, kuma ba mu sa komai a gurbinta ba.

Ta tafi ne ta hanyoyin da duk muka gani da idonmu. A shekarun 1990 aka yi wa yankin Kwatarkwashi rubdugu ana tonon mutum-mutumin yumɓu, kamar yadda aka yi wa ƙasar Nok a kudancin Kaduna, dillalai suna zuwa da kuɗi, matasa suna bin tsaunuka da diga, ana loda kaya ana fita da su ta kan iyaka. Abin ya kai har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓu na Nok da na Sakkwato da na Katsina a cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya kada a saya, domin kusan duk wanda ke kasuwa na sata ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, har yau ana sayar da waɗannan kaya da sunan Sakkwato a kasuwannin Turai, alhali ba mu da cikakken bayanin mutanen da suka yi su, saboda kusan dukkansu hannun masu tonon dare ne ya fito da su. An sayar da abin da ya yi shekara dubu ko fiye a kwance a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba, sannan dillali na uku ko na huɗu ya sayar da shi a kan abin da zai gina gida.

Bayan wannan sai zinariya ta zo. Kowa ya tuna da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Haƙar ba ta tsaya ba, ko da gwamnatin tarayya ta sanar da haramta ta a jihar a 2019. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da na'urar neman ƙarfe ta shiga hannun matasa, duk wani tsohon kufai da duk wani tulin duwatsu ya zama abin zato. Na'ura ta yi ƙara a kan guntun mashi ko munduwar tagulla, sai a ce tukunyar zinariya ce, a kwana ana tono. Tulin nan biyu na ƙauyenmu haka aka yi musu, kuma wanda ya ba ni labari ya ce ba a samu komai ba sai ƙasusuwa da fasassun tukwane. Shi a wurinsa asarar dare guda aka yi. Ni kuwa a wurina ƙasusuwan da tukwanen su ne dukiyar da aka watsar. Na uku kuma, bayan dillalan kayan yumɓu da masu neman zinariya, wanda ya fi kowanne ɓarna saboda ba ya jin yana yin laifi, shi ne mai tifa. Dutsen da aka riga aka tara ya fi sauƙin loda fiye da wanda za a fasa, kuma direba ba ya tambayar wa ya tara shi.

Sai batun addini, wanda shi ne mutane suka fi kawo mini idan na tayar da wannan zance a majalisa. Wani dattijo malami da nake girmamawa ya ce da ni: "Ɗana, kusheyin arna kake so mu tsare? Ai tsoron da nake ji, gobe a koma ana yanka a kansu." Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, tsoron nan naka yana da tushe, kuma ni ma ba zan goyi bayan a maida kabari wurin bauta ba." Gaskiya ce an umarci a baje kaburburan da aka ɗaga don kada a girmama su har a kauce hanya, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya yaƙi tsafi da bautar duwatsu da itatuwa. Sai dai kiyaye wuri don a san tarihinsa wani abu ne daban da neman tabarraki a wurin. Alƙur'ani a wurare da dama ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance, kuma ba a duban abin da aka riga aka kwashe. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, da aka yi masa magana sai ya nuna cewa ai rai ce. Kuma a cikin fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, a babin rikazi, wato dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, an faɗa ƙarara cewa tona kabarin ɗan jahiliyya don neman dukiya makaruhi ne. Ban ce an haramta ba, domin ba haka nassin ya ce ba, amma an ƙi shi, kuma malamanmu sun san da haka fiye da ni. Da za su riƙa faɗin wannan a huɗuba da wurin karatu, da ya fi kowace takardar gargaɗi ta hukuma tasiri.

Yana da kyau kuma mu dubi yadda ƙasashen Musulmi suke yi da nasu. Saudiyya ta sa Mada'in Salihu, wurin da aka sassaƙa kaburbura a jikin duwatsu tun kafin Musulunci, a cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2008, kuma shi ne wurinta na farko da ya shiga jerin. Baharain tana da tudun kaburburan tsohuwar daular Dilmun sama da 11,000, waɗanda aka yi kimanin shekara 4,000 da suka wuce, ta kewaye su ta kare su, aka sa su a jerin a 2019. Oman ta yi haka da kaburburan dutse na Bat tun 1988. A nan Afirka ta Yamma, Senegal da Gambiya, inda Musulmi suka fi rinjaye ƙwarai, sun haɗa kai suka kare da'irorin duwatsu da tudun kaburbura na Wassu da Kerbatch da Wanar da Sine Ngayene, aka amince da su a 2006. Ba mu ji an ce Musuluncin mutanen waɗannan ƙasashe ya ragu ba saboda sun hana katafila bi ta kan tsofaffin kaburbura.

Nijar kuwa ta ga fuska biyu na lamarin. A ƙasar Agadas akwai dubban tulin duwatsu a cikin Ayar da Tenere, wasu sun haura shekara 4,000, kuma a Gobero, inda aka gano wata maƙabarta a shekarar 2000, an samu kaburbura kusan 200 na mutanen da suka rayu a bakin tafki lokacin da Sahara take kore shar, suna kamun kifi a inda yau babu ko ɗigon ruwa. A wani kabari an samu mace da yara biyu an kwantar da su suna rungume da juna, abin da ba za a taɓa sani ba da mai diga ne ya fara isa. Amma a Bura, can yammacin ƙasar, bayan masanin tarihi Bube Gado ya yi tono na ilimi a 1983 duniya ta ga kyawun tukwanen kaburburan, sai ɓarayi suka yi wa yankin kaca-kaca a shekarun da suka biyo baya. Wannan ya sa nake ganin bayyana wuri ba tare da an shirya tsaronsa ba wani haɗari ne, kuma shi ya sa ban ambaci sunan ƙauyenmu a nan ba.

Doka dai akwai ta a takarda. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana kowa yin tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta wajabta wa wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya ya sanar cikin kwana bakwai, ta kuma hana saye da sayarwa da fitar da su waje ba da izini ba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi. Matsalar ita ce tarar da dokar ta yanka ta nairar wancan zamani ce, wadda yau ba za ta tsorata ko mai tallan goro ba, sannan wuraren da aka ayyana a matsayin wuraren tarihi na ƙasa 65 ne kacal a duk faɗin Nijeriya. Surame, babban birnin Kanta mai ganuwar dutse, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato, an ayyana shi tun 1964, kuma tun 2007 yake cikin jerin wuraren da Nijeriya take fatan UNESCO ta karɓa, har yau bai wuce nan ba. Idan birnin da ya taɓa tsayawa gaban Songhai da Barno yana wannan jira, to tulin duwatsu a gindin dutsen wani ƙauye ba shi da ranar da wani jami'i zai zo daga Abuja ya duba shi.

Shi ya sa nake cewa aikin na gida ne. Masarautunmu suna da tsari da ya kai har lungu, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma babu wani tsohon kufai ko kushewa da mai unguwa bai san da ita ba. Abin da ake bukata shi ne kowane hakimi ya sa a rubuta masa irin waɗannan wurare da ke ƙasarsa, da sunan da mutane suke kiran su, da labarin da tsofaffi suke bayarwa a kansu, a ajiye rajistar a fada, a ba jami'a kwafi ba tare da an baza ta a intanet ba. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau, akwai ta Birnin Kebbi, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai sashen binciken kufai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma ɗalibin tarihi da wayar hannu zai iya ɗaukar hoton wuri ya auna shi ya rubuta inda yake ba tare da ya motsa dutse ɗaya ba. Daga nan sai gwamnatin jiha ta sa sharaɗi a cikin kowace kwangilar hanya ko gini cewa ba a ɗibar dutse a wurin da ke cikin rajista, kuma wanda ya ɗiba a cire daga kuɗinsa. Ban ga abin da zai hana majalisar dokokin jiha yin wannan a zama guda ba. Ba na kiran a fara tono. Ba mu da kayan aiki da kuɗin da za a yi shi yadda ya kamata a yanzu, kuma kabarin da ya jure shekara dubu zai iya jiran wasu shekara ashirin har 'ya'yanmu su samu horo da kayan da suka fi namu.

Dole kuma a yi wa talaka adalci a cikin maganar. Saurayin da ya ɗauki diga yunwa ce ta kai shi, kuma idan aka ce masa ya sanar da abin da ya gani, tsoronsa shi ne a kama shi ko a ƙwace masa gona. Kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda ya kai kimanin shekara 8,000 kuma yana cikin mafi tsufa a duniya, wani Bafulatani ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, kuma da ya yi shiru ya faskara shi ya yi makamashi, da babu wanda zai san an taɓa yin sa. Irin wannan mutum ya kamata a karrama a bainar jama'a, a ba shi lada, a tabbatar masa gonarsa tana nan, domin na gaba ya san cewa sanarwa ta fi ɓoyewa riba.

Saura hujjar da ta fi kowace nauyi, wadda ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ana kashe mutane a Zurmi da Shinkafi da Maru da Tsafe, ana sace su, an tashi ƙauyuka, mutane suna binne 'yan uwansu na yau cikin gaggawa, wani zai ce wane ne yake da lokacin kabarin wanda ya mutu shekara dubu. Na yarda rai yana gaba da dutse, kuma da za a ce in zaɓa, ba zan yi jinkiri ba. Amma ba a sa mu zaɓa ba, domin hana tifa ɗibar dutse a kan kushewa ba ya rage ko harsashi ɗaya daga na jami'in tsaro. Kuma rashin tsaron ne ma ya sa maganar ta zama ta gaggawa, saboda ƙauyen da aka tasa ya tafi da tsofaffinsa, su kuwa tsofaffin su ne suka san wane tudu ne kabari, wane ne tsohuwar maƙera, wane ne gindin ganuwa. Da yawansu yau suna zaune a Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara a matsayin 'yan gudun hijira, ana iya samunsu a zauna da su a naɗi muryarsu, kuma wannan aiki ne da ba ya bukatar a shiga daji. Duk shekarar da ta wuce ba a yi shi ba, wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya da abin da suka sani.

Kafin in baro ƙauye na je gaishe da maigari, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ukun nan da suka rage, ina roƙon a sa musu ido." Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai san wani yana kula da su ba, shi ya sa da aka zo neman dutse bai hana ba. Ya kira mai unguwar da faƙon yake ƙarƙashinsa, ya ce daga yau ba a ɗibar dutse a nan sai an zo wurinsa. Na auna tulin ukun da taku, na ɗauki hotonsu ta kowace kusurwa, na tattara tsingaron da ke bakin ramukan nan biyu na zuba a jaka na rubuta daga wane rami kowanne ya fito, na bar su a zauren maigari. An ce mini da zarar damina ta ɗauke za a ci gaba da aikin gadar da ke kan hanyar kasuwa, kuma masu tifa za su dawo neman dutse.